Wasiƙar da Na Karanta Kai da Ƙafa

Malamin Turancinmu na sakandare ya ƙi jinin ɗalibin da ke bin rubutu kalma-kalma. Ya ce wannan aikin tsofaffi ne. In an ba ka labari a jarrabawa, ka karanta layin farko, ka leƙa na ƙarshe, ka kama bakin zaren ke nan. Jarida kuwa kanun labarai sun ishe ka. Ni da Allah ya zuba wa ƙiwa, sai na ga an aiko mini malami daidai ni. Na ci jarrabawa da dabarar, na shiga ji da kaina a unguwarmu ta Liman Abaji kamar ni na ƙago boko.

Lokacin Abuja na ta kwashe samarin Keffi zuwa aikin gini. Yayana na cikinsu, birkila ne, yakan aiko wasiƙa ta hannun wani direba. Inna ba ta yi boko ba, ni ce mai karanta mata.

Ranar da wata wasiƙar ta iso ina sauri, an riga an fara kiɗa a gidan bikin ƙawata. Layin farko gaisuwa ce, da fatan muna lafiya kamar yadda yake. Layin ƙarshe a gaida Baba da mutanen gida. Tsakiyar kuwa shafi guda cur, ga rubutun yaya kamar kaza ta yi tono. Na ce wa Inna yana nan lafiya lau. Na ƙara mata da cewa har ƙiba ya yi, don ta sake ni in tafi.

Abin da malam bai gaya mana ba shi ne, mutanenmu ko a kwance suke, da lafiya lau suke buɗe wasiƙa.

Inna tana son a maimaita mata maganar ɗanta. Bayan kwana tara ta kai takardar wajen maƙwabciyarmu, wata tsohuwar nas 'yar ƙabilar Mada, mai karatu da yatsa a kan layi, irin karatun da muke yi wa dariya a aji. A tsakiyar ne yaya ya rubuta cewa ya faɗo daga saman gini, ƙafarsa ta karye, yana kwance a wani ɗaki a Mararaba ba mai miƙo masa ruwa. Yana roƙon Inna ta zo.

Ba ta dake ni ba, ni kuwa na so ta dake ni. Cewa kawai ta yi in ɗauko mayafi in bi ta tasha.

Mun same shi ya rame, ƙafar ta kumbura. Ya ce duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗaga kai, har ya fara tunanin ko wani laifi ya yi wa Inna. Kunya ta rufe ni, na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Inna ta riga ni.

"Direban ne ya riƙe takardar, sai yau ya kawo," ta ce, tana kwance ƙullin garin kunun da ta zo masa da shi. Ba ta ko kalle ni ba.