Har Sai Maɗaci Ya Kama

Takarkarina ne ya kai ni gaban alƙali, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin za a kawo jirgin ƙasa Gusau. Na taso daga ƙauyenmu na ƙasar Tsafe da kayan taba zuwa kasuwar Bungudu, na ɗaure shi na shiga ciniki. Kafin in fito ya tsinke igiya ya bi hanyar bariki, inda aka dasa 'yan maɗatai a jere don Bature ya riƙa samun inuwa in ya zo rangadi. Shi sa bai san itacen hukuma ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya aske musu ganye, ya karya na karyawa.

Alƙalin dattijo ne mai taushin murya, kuma ya ɗauki kansa mai tausayi.

"Wanga laihi na gidan yari na," in ji shi. "Amma na ga kai ba ɓarawo na ba. Ka dasa wasu, ka yi ta ba su ruwa. Ran da sunka kama, ka tahi gida."

Na faɗi ina godiya har goshina ya taɓa ƙasa. A ranar aka yanke wa wani ɓarawon akuya ɗauri a Gusau, na bi shi da kallon tausayi sa'ad da dogari ya tasa shi gaba. Ban tambayi wanda zai ce itatuwan sun kama ba, domin a ganina duk mai ido zai iya.

Tsakiyar rani ce. Kullum sai in tona yashin gulbi, in cika tulu, in hauro da shi zuwa hanya, in koma. A zauren mai unguwa nake kwana. Na so in kewaye kowane dashe da ƙaya yadda muke yi a gida, amma helman hanya, wato shugaban leburori, ya hana. Ya ce umarni ya zo daga Gusau cewa ƙaya ba ta da kyan gani, shingen karan dawa za a yi, a saƙa shi tsaf a kafa masa turaku. Na yi, kuma gaskiya ya yi kyau. Awakin gari suka riƙa zuwa suna zagaya shi suna shinshinawa.

Hankalina duk yana gida. Gonar da mahaifina ya bar mini ita ce kaɗai abin da muke da shi, ni da tsohuwata, ita kuwa ƙarfinta ya ƙare. A wajenmu in ruwan shuka ya sauka ba a sa wa gona iri ba, mai gari yakan ba da aronta ga wanda zai noma ya biya mata haraji. Surukin mai gari ya daɗe yana yabon ƙasar gonar nan, kuma ban taɓa jin ya ari abu ya mayar ba.

Da itatuwan suka fid da sabon toho na je wurin alƙali da murna. Ya ce aikinsa ya ƙare ranar da ya yanke hukunci, in ga helma. Helma ya ce shi hanya ya sani, dashen kuwa da dukiyar baitulmali aka samo shi, don haka sai malamin duba ayyukan hukuma ya zo daga Gusau ya gani da idonsa. Ina cikin wannan jira ɓarawon akuya ya wuce ta hanyar, ya gama ɗaurinsa, har kumatu ya ajiye. Ya tsaya ya yi mini sannu da aiki, ya roƙi ruwa a tuluna ya sha.

Malamin duba ya iso da bazara, zafi kamar a gasa mutum. Bai zo shi kaɗai ba. Akwai mai riƙe masa alƙalami, da mai riƙe masa buta, da barori, kowa bisa dokinsa. Majalisar hakimi ta ɗora wa kowace unguwa kawo kaji da dawar dawaki, aka haɗa aka sayi rago. Wata mai fura da nake saye a wurinta ta ce da abin da aka tara wa masu duba itace aka ba ta, da ta dasa maɗaci daga nan har Kwatarkwashi.

Da rana tsaka suka iso hanyar bariki suka sauka. Barori suka duba ba su ga wurin ɗauri ba sai turakun shingena, suka ɗaɗɗaure dawakin a nan. A tarbiyyarmu ba a gaya wa babban baƙo inda zai ɗaure dokinsa, mai masauki ne yake karɓar linzami ya kai shi inda ya dace. Na ruga in karɓa, wani bara ya ture ni, ya ce mai laifi ba ya taɓa dokin malam. Suka shige bariki cin rago.

Ina tsaye dawakin suka fara cin karan da na saƙa. Suka tumɓuke turaku, suka tattake abin da ke ciki. Awakin da suka kwashe rani suna jira suka shigo ta inda aka buɗe musu. Na kori wannan, waccan ta shiga, dawakin kuwa ba ni da ikon ko daka musu tsawa.

Bayan la'asar malam ya fito yana sakace. Sai da ya hau doki sannan ya dubi aikin.

"Mi yac ci su?" ya tambaye ni.

"Dawaki na, ranka shi daɗe."

"Dawakin wa?"

Helma ya ɗaga kai yana nazarin sama. Ni ma na dubi ƙafafuna, na ce ban lura ba.

"Ba su kama ba," in ji malam. "Shi sake. In mun komo mu duba."

Da sana ya ci itacen hukuma, ni ne mai laifi. Da dawakin hukuma suka ci, aka duba da kyau, aka ga har yanzu ni ne.

Na sake dasawa, wannan karon na cusa ƙaya a cikin karan ban gaya wa kowa ba. Ina ɗaure shinge na ƙarshe ruwan shuka ya sauka. Na ji ƙanshin ƙasa, na san a ƙauyenmu kowa ya fita da sungumi, na zauna bakin hanya na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Damina ta yi wa maɗatan abin da tuluna bai yi ba, suka kama sosai. Sai dai malam bai komo ba. Majalisar hakimi ta kai kuka Gusau cewa saukar masu duba ta fi ƙarfin gari, aka ji tausayin talakawa, aka hana zuwa duba ƙananan ayyuka. Tausayi na biyu ke nan da ya faɗo a kaina. Na koma wurin alƙali, ya ce shi ba ya iya sallamar mutum a kan abin da ba a shaida ba, in ƙara haƙuri.

Da kaka ta yi na naɗe tabarmata, na kora sana, na bi hanyar Tsafe da rana kata, ta gaban helma. Ya ce in gai da gida. Babu dogarin da ya biyo ni, babu wanda ya taɓa tambaya har yau. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin ashe tun bazara da na tashi na tafi, haka za a yi.

Na tarar da surukin mai gari a gonar mahaifina yana ɗaurin gero, kuma gonar ta yi albarka irin wadda ban taɓa samu ba. Ya tare ni da fara'a, ya yi mini barka da fita, ya ce ya ji duk wahalar da na sha. Sannan ya zaɓi dami ɗaya, ba babba ba, ya ce in kai wa tsohuwa sadaka.

Rumbunmu babu ko zangarniya. Na durƙusa ya ɗora mini a ka, na ce Allah ya saka da alheri.