Fankar da Ba a Bari Ta Huta

Shekara ashirin da shida Malam Shafi'u rewaya ya yi a rumfarsa da ke Ogui, cikin Inugu, yana gyaran wayoyin motocin da ke sauke albasa daga Arewa. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya soma gazawa, amma ba abin da ya gajiyar da shi kamar maganar fankar sanyaya injin mota.

Tsohuwar fanka fambel, wato igiyar robar inji, ke juya ta, muddin inji na aiki ita ma tana aiki. Ta lantarki kuwa sai lagireto, tankin ruwan inji, ya ɗau zafi take tashi, in ya huce ta tsaya. Wannan tsayawar ce direbobi suka ƙi yarda da ita.

Ranar Laraba Sagiru direba ya leƙa injin motarsa, ya ga sabuwar fankar tsaye cik.

"Baba, ai ta mutu!"

"Ba ta mutu ba, hutawa take yi."

"Ni ban sayi fanka don ta huta ba. Haɗa min ita dairek, ta yi ta juyawa."

Da can Malam Shafi'u kan yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya rantse wata uku za ta ƙone. Yau kuwa sai kawai ya ɗauko kayan aikinsa. Ya yanke waya ya haɗa, fanka ta kama gudu ba tsayawa, Sagiru ya washe baki.

Da motar ta tafi, ya samu benci zai miƙe ƙafa. Ko gama zama bai yi ba wani direban ya ƙwalo masa kira: "Baba, lafiya kuwa na gan ka zaune?"