Akwatuna Huɗu na Malam Sule

Har yau ban manta da Talatar da na shiga Kibiya da motar ofis ba, takardar izini a aljihuna, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Ku da kuka zo aiki daga baya ba ku san Malam Sule ba, don haka bari in fara da shi.

Malam Sule mai zanen gidaje ne, wanda ya yi karatun abin sosai. A ƙarƙashinsa na yi shekara goma sha biyu a sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Rano, ina mataki na bakwai, aikina in kwafe zanensa a farar takarda in kai a buga. Gidajen 'yan kasuwa da direbobi da yawa a Rano da Dawaki, har Fammar, hannunsa ne. Ba ya zana gida sai ya je filin da damina ya ga inda ruwa yake bi. Zai tambayi mai gida ko mahaifiyarsa na da rai, don ya sa ɗakinta inda hantsi ke faɗawa. Zai karkata zaure yadda idon baƙo ba zai faɗa tsakar gida ba, ya bar wa rumbu da turken awaki wurinsu. Duk wannan yana rubuta shi a bayan zanen, gida bayan gida.

Ya rasu a bazarar da ta biyo bayan fara shari'ar Musulunci a Kano. Bayan sadakar arba'in matarsa, Hajiya Rabi, ta aika a kira ni gidansu da ke Kibiya. Ta nuna mini akwatunan ƙarfe huɗu a wani ɗakin ajiya, cike da aikinsa na shekara talatin. Ta ce masu rabon gado sun duba sun ce ba dukiya ba ce, kuma ɗakin yana yoyo.

"Malam Isa, ka kwashe su yau. Kai ka san darajarsu, mu ba mu sani ba."

Ni kuwa, sarkin bin ƙa'ida, na ce mata ta yi haƙuri. Akwai wata ma'ajiyar takardun tarihi a Kano da za ta karɓe su, amma sai an bi hanya: wasiƙar iyali, sa hannun shugaban sashe, na sakatare, na ciyaman, sannan su amsa. Na ce idan na ɗauka haka kawai za a ce na saci kayan marayu. Gaskiyar magana kuma, ina son a yi abin da ɗan biki, a ga motar gwamnati a ƙofar gidan.

Wasiƙar ta yi wata biyu a teburin sakatare. Da ta kai ga ciyaman sai aka sauke shi aka naɗa kantoma, shi kuma ya ce a sake bugawa da sunansa. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Rano da Kano har damina ta yi nisa. Ko sau ɗaya ban leƙa Kibiya ba, ina jiran in je da labari mai daɗi.

Ranar da na je, babban ɗansa Auwalu na tarar a zaure. Mutum ne mai natsuwa, yana koyarwa a Islamiyya. Ya gaishe ni da ladabi, ya shimfiɗa mini tabarma, na miƙa masa takardar. Ya karanta ya mayar mini da ita. Sannan ya gaya mini cewa ruwan makon jiya ya rusa bangon ɗakin, akwati biyu suka ɓalle, iska ta watsa takardun a tsakar gida. Da safe ya ga awaki suna taka su, wasu sun faɗa kwata.

"Kawu, kowace takarda Baba ya rubuta Bisimilla a samanta. Ba zan iya kallon sunan Allah a ƙarƙashin ƙafar akuya ba."

Na san da wannan Bisimillar, dubunta na gani, amma ban taɓa kawo ta a raina ba. Auwalu ya ce ya jira ni har ya fitar da rai. Sai ya yi alwala, ya haƙa rami mai tsabta a bayan gida, ya ƙone su duka, har na akwatunan da ba su buɗe ba, don kada su ma su ga irin wannan rana. Ya binne tokar ya ɗora dutse. Ya kai ni ya nuna mini wurin, yana kallona yana jiran in ce ya kyauta.

Ba zan iya yi masa faɗa ba, don abin da aka koya masa ya yi, ni ma da shi aka raine ni. Hajiya ba ta fito ba, ta dai aiko a ce tana gaishe ni, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Direba ya tambaye ni ko za a ɗora akwatunan, na ce ya tada mota.

Da na koma Kano na ba da rahoto, jami'in ya rubuta cewa ba a samu kaya ba, ya rufe fayil ɗin ya sa a kanta. Yau abin da ke ajiye a can da sunan Malam Sule shi ne wasiƙata da sa hannun mutum biyar. Gidajensa kuwa ana ta rushe su ana dasa shaguna, masu sauran ma ba su san wanda ya zana musu ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A aikinmu takardar neman izini ta fi abin da ake neman izinin dominsa tsawon rai, kuma babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka jawo asarar nan. Ku dai idan wata tsohuwa ta ce ku kwashe yau, ku nemo amalanke. Ni an ce mini, na tsaya jiran sa hannu.