Gyambon Magen Inna

Jama'a, yau mage ta tura Innarmu asibiti!

Gyambo ya cinye kunnen magenta. Mun shafa baƙin mai har mun gaji. Na sa ta a buhu zan yar a daji, sai ga likitar dabbobi ta zo duba tumaki.

Ta ce, "Malam, me ke motsi a buhun?"

Baiwar Allah ba ƙyama, ta kankari gyambon ta tafi. Da la'asar ta dawo! Wai ta duba a madubin likita, lishmaniya ce, cizon wani mitsitsin ƙuda ke kawo ta, har ga mutane.

Ta ce, "Akwai mai gyambon da ya ƙi warkewa a gidan nan?"

Inna ta janye mayafi daga hannunta, sai ga gyambo.

Wallahi baƙin man ne a kai!