Ƙahon da Saje Ya Zaɓa Mini

Mai busa yufoniyam ba ya jin kansa. Ƙaho ne babba na tagulla, kana rungume da shi a ƙirji kamar ɗan akuya, bakinsa mai faɗi yana kallon sama, don haka sautin yakan bi ta saman kanka ya je ya sauka can nesa. Abin da kai kake ji, rurin da ke cikin haƙoranka ne kawai. Shi ya sa a wurin 'yan badujala ba a zuwa sayen ƙaho mutum ɗaya. Kana busawa, wani yana tsaye nesa yana saurare. In ya ɗaga hannu ka dace, in bai ɗaga ba ka ajiye ka ɗauki wani.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikatar tarayya, ina haya a ɗaki guda a Karmo. Abuja a lokacin ko'ina ka juya gini ne ke tashi, kuma babu babban mutumin da zai yarda ya buɗe ko da rijiyar burtsatse ce ba tare da badujala ba. Wani tsohon sajen 'yan sanda, mutumin Abaji, wanda ya ƙare aikinsa a rukunin makaɗa, shi ya tara mu muke atisaye ranar Asabar a filin wata firamare. Saje muke ce masa. Da wannan badujala yake ciyar da gidansa, kuma duk abin da ya mallaka a sana'ar kunnensa ne. Masu biki ba mu suke haya ba, sunan kunnen Saje suke haya.

Ƙahona na farko mai madannai uku ne, irin na 'yan koyo. Wata makaranta ce ta gaji da shi. Iska tana zuba ta gefe, na ɗaure wurin da robar tayar keke. Saje yakan ce in na busa sai ya ji kamar saniya ce ke mura, kuma wallahi bai yi mini ƙazafi ba. Da aka ƙara mana albashi, sai na ce lokaci ya yi da zan koma mai madannai huɗu, wanda ke iya sauka ƙasa sosai ba tare da sautin ya karkace ba. Na Turai sabo fil ba na irina ba ne. Abin da aljihuna zai ɗauka bai wuce biyu ba: sabo ɗan Caina, ko tsoho na hannu.

Saje ya ce zai raka ni. Na yi murna har da sayo masa goro. A 'yan watannin nan na lura ya fara kallon yatsunmu fiye da da, kuma in ka yi masa sallama ta baya sai ka maimaita. Na ce tsufa ne, ban kawo komai a raina ba.

Shagon da muka je na wani Alhaji ne Bakano, mai sayar da lasifika da kayan kiɗa. Wannan Alhaji shi ne kuma dillalin duk makaɗan garin. In ma'aikata ko masu biki suna neman badujala, shi suke tambaya, kuma bakinsa ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ya fito mana da ƙaho biyu zuwa bayan shagon, inda ake ajiye motoci, janareto yana ta ruri a gefe.

"Oga, wannan tokumbo ne, na hannu, daga Ingila ya zo," in ji shi. "Wannan kuma sabo dal, ko leda ba a cire ba. Kuɗinsu kusan ɗaya, kai dai ka zaɓa."

Saje ya taka har bakin katanga ya tsaya, hannayensa a baya, kamar yadda ya saba. Alhaji kuwa wayarsa ta yi ƙara. Lokacin wayar hannu sabuwar shigowa ce, mai ita ba ya amsa ta a hankali. Ya juya mana baya yana ta ihu da wani a Legas.

Na fara ɗaukar tsohon. Launinsa ya dushe, akwai lotsawa a gindinsa, amma da na busa sai na ji ƙirjina ya buɗe. Sautin ya fita da taushi, ban yi kokawa da shi ba ko kaɗan. Na sauka har ƙasa, na hau, na sake sauka. A raina na riga na saya. Na ɗaga ido ina jiran hannun Saje, sai na ga yana kallon wata babbar motar siminti da ke wucewa. Duk abin da na busa, ko waiwayowa bai yi ba. Na ce a raina watakila bai yi masa ba ne.

Na ɗauki sabon. Ƙarfe ne mai sanyi, kuma al'adarmu ce kafin ka busa ka hura masa iska mai ɗumi shiru, kana motsa madannan don su saki. Ina cikin haka, kumatuna a cike, yatsuna suna wasa, ko ƙis bai fita ba, sai Saje ya juyo. Ya kafa mini ido. Ya karkatar da kai kamar mai saurare, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya ɗaga hannu sama.

Har yau in na tuna wannan hannun a sama sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da yakan tsayar da mu gaba ɗaya saboda mutum ɗaya ya ɗan kauce kaɗan, shi ne yake yaba abin da ban busa ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro.

Daidai nan Alhaji ya gama waya ya juyo, ya ga hannun.

"A'a, har ka busa? Ni ban ji ba."

"Na busa a hankali, Alhaji," na ce. "Janareton nan naka ne ya cika wurin."

"To ai shi ke nan. Tunda Saje ya ɗaga hannu, magana ta ƙare. Kunnen Saje ai ba ya ƙarya."

Na kalli tsohon ƙahon a kan benci. In na ce shi nake so, sai an tambaye ni dalili, sai an ce in sake busa su biyun a gaban Alhaji, Saje ya sake zaɓa. Kafin la'asar duk makaɗan Abuja sun ji labari, kuma babu mai sake kiran badujalar kurma. Na sa baki na busa sabon da ƙarfi don Alhaji ya ji. Ba laifi, amma sautin siriri ne, kuma akwai wuri ɗaya a tsakiya da yake faɗuwa ƙasa kaɗan. Na ce a sa mini shi a akwati.

A cikin motar haya Saje ya riƙe akwatin a cinyarsa yana shafawa. Ya ce, "Yaro, ka yi sa'a. Irin wannan ba kullum ake samu ba." Na ce, "Na gode, Baba." Ban sani ba ko ya ga bakina.

Ya ci gaba da jagorantar mu shekaru bayan nan. Ban gaya wa kowa ba. Na koma tsayawa a inda zai ga yatsuna sosai, in wani ya kauce sai in ɗan ɗaga gira, shi kuma ya daka masa tsawa. Wurin nan da ƙahon ke faɗuwa kuwa, na koyi tallafe shi da leɓe har ya zame mini jiki. Daga baya Saje ya ce gwiwa ta hana shi tsayuwa, ya koma Abaji.

Da ya rasu na je gaisuwa. Babbar 'yarsa ta sa aka kira ni zaure, ta tambaya ko ni ne mai babban ƙahon. Na ce ni ne.

"Baba ya yi ta maganarka," ta ce. "A ƙarshe ko kiran salla ba ya ji, sai mun taɓa shi. Amma yakan ce akwai sauti ɗaya da bai bar kunnensa ba, na ƙahon da ya zaɓa maka a bayan shago. Ya ce tun da yake bai taɓa jin busa mai daɗin ta ranar ba."

Na ce Allah ya jiƙansa.

Yanzu ina da halin sayen wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, yaran da nake koya wa ma suna yi mini tsiya a kansa. Ban canja ba. Duk lokacin da na ɗauke shi, nakan hura masa iskar nan mai ɗumi shiru, in daɗe ina hurawa fiye da yadda ake bukata, idona a bakin katanga. Sai yaran sun ce, "Malam, muna jira," sannan in busa, kuma abin da ke fita bai taɓa kai wanda Saje ya ji ba.