Fatar Raƙumi a Ƙarƙashin Bodi

Ɗan yayata ne ya sauke ni daga babban makaniki ya mai da ni mai wankin sifana, a shekarar da Turawa suke ɗaure kayansu. Shekara goma sha bakwai na yi a garejin gwamnati a Sakkwato. Shi kuwa wata tara ya yi a Kaduna, ya dawo da takarda da farin wando, aka ba shi kujerar Baturen da ya tafi.

A kan wata jif ta malaman dabbobi abin ya faru. Ta sha hanyar Gwadabawa har bodinta na baya ya tsage, aka aiko da sabo, aka ce ni zan ɗora. Kafin in ɗora sai na ja zare a kan shasin, wato ƙarfen da bodi ke zama a kai, gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa. Wani gefe ya ɗara wani da yatsa biyu. Shasin ya murɗe ke nan. Bodin kuwa miƙaƙƙe ne, kuma na gorar ruwa, wato alminiyam, ba shi da haƙurin ƙarfe. Ka matse shi a kan murɗaɗɗen abu, tsagewa zai yi. Robar da aka aiko don sawa tsakaninsu duk kaurinta ɗaya, ba ta cike giɓi.

Na je wajen dukawa na samo fatar raƙumi mai kauri, na yayyanka kamar tafin hannu, na jiƙa da baƙin mai. Wani wuri na sa ɗaya, wani wuri uku. Na zura kusoshi ban ɗaure ko ɗaya ba, na rataya ƙofofi, sai da kowace ta rufe da turin yatsa, sannan na bi ina ɗaurewa kaɗan-kaɗan.

Sai ga ɗan yayar tawa ya zo duba aiki. Ya sunkuya yana kaffa-kaffa kada gwiwar wandonsa ta taɓa ƙasa.

"Wa ya sa wanga abu?"

Na ce, "Ni na sa."

"Makaniki, nan gareji na ko rumfar dukawa? Takalmi kaka ɗunka ma motar?"

Ma'aikata suka bushe da dariya, har waɗanda ni na koya musu riƙon sifana. Na ɗauko zare zan nuna masa, ya buɗe littafi ya nuna mini hoto. Shasin hoton dai miƙe yake, tun da bai taɓa zuwa Gwadabawa ba. Ya sa aka zare fatun, aka sa roba, aka ɗaure kusoshi tamau tun daga gaba har baya.

Sati biyu jif ta dawo, ƙofar hagu ɗaure da igiyar shanu, bodin ya fara tsagewa a bayan kujera. Ya zauna ya rubuta da Turanci cewa fatata ce ta murɗe shasin. Fata ta murɗe ƙarfe! Manya suka karanta, suka ga Turancin ba kuskure, suka sa hannu, aka sauke ni.

Wata uku ina wankin sifana da kananzir. Sai aka ce za a zo duba motoci kafin bikin karɓar mulki, ga jif tana nan da igiyarta. Ran nan bayan la'asar ya same ni a zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Kawu, taimako nika so. Ka zo ran Lahadi, sad da babu kowa, ka maida fatun nan. Muƙaminka zan duba shi daga baya."

Na dube shi na ce, "Malam, Lahadi ban aiki. Litinin da hantsi nika zuwa, sad da kowa ya hallara. Ni in kwanta ƙarƙashin mota, kai ka durƙusa kana miƙo min fata ɗaya-ɗaya. In mun gama ka rubuta ma manya cewa ƙarya ka yi min, da Hausa, don in karanta da kaina. In ba ka iyawa, igiya ba ta ƙare a kasuwa ba. Ka gaida min uwarka."