Sunan da injin ya nema

Zazzaɓi ya kama ɗana na fari da damina, na goya shi zuwa gidan likita na Madarumfa. Bara wata allura ta kumbura masa fuska har idanu suka rufe, ni kuwa ban riƙe sunanta ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ta ga wace ce a ordinatar, wato kwamfuta.

Ta nema, ba a samu yaron ba. Aka kira mai gyaran injinan, wani dogo mai tabarau. Ya buɗe wani baƙin allo, rubutu yana gudu, wasu layuka rawaya. Ban iya karatun boko ba, amma na lura layi guda ne yake ta dawowa, tsawonsa iri ɗaya.

"Malam, an goge shi ne?" na tambaya.

"Yana nan, baiwar Allah. Injinan uku ne, kowane yana riƙe da kwafi, dole bakinsu ya zo ɗaya. Kamar buhun gero ne: hatsin lafiya lau, takardar bakin buhun ce suke gardama a kai."

Ya koma baya yana bin layukan da yatsa, har ya kai wurin da rawayar ta fara. Jikin yaron yana ƙona mini baya. Ma'aikaciyar ta riga ta jera kwalaben allura biyu a faranti, tana kaɗa ƙafa.

Can ya ce an shigar da yaro ɗaya sau biyu, lamba guda, suna daban. Ranar awo ni na ba da sunan da muke kiransa a gida. Ranar allurar ubansa ne ya kawo shi, ya ba da na yanka.

"Faɗa mini na yankan in haɗe su."

Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Tun haihuwarsa bakina bai taɓa furta shi ba. Na kira wayar mijina, yana gona, ba rezo, kiran bai shiga ba.

"Yaya, kunya ko yaro?" in ji ma'aikaciyar. "Ba mai kai ƙara gidanku."

Na sunkuya na faɗa, ƙasa-ƙasa. Bai ji ba, sai da na maimaita. Ya buga, muka jira. Layukan suka ci gaba da gudu, farare. Ma'aikaciyar ta leƙa allon, ta ture kwalba ɗaya gefe, irin wadda ta kumbura shi bara, ta ce in kwance goyon.